Kallon da Na Yanke

Shekara ashirin da ɗaya ina ɗakin majigi,
can sama, inda ƙwari ke zuwa su mutu a jikin fitila.
Ta 'yar taga mai faɗin tafin hannu
na ga Mantau da Tasalla fiye da yadda iyayensu suka gan su.

Baƙi da fari ne lokacin.
Ruwan Agusta na dukan kwanon silima,
a jikin bango ma ruwan ake tsugawa,
har ba ka san wanne ya sa ka rawar ɗari ba.
Shi da kwat mai miƙaƙƙiyar wuya,
yana neman wanda ya jefa gawa
a kududdufin kuza, bayan Bukur.
Ita ta san ko wane ne. Mu ma mun san ta sani.
Sai ta tsaya ƙarƙashin fitilar titi a Taminus,
rabin fuska haske, rabi dare,
ta ce, "Kana da ashana?"

Ya ƙyasta.
Ko gefen mayafinta bai taɓa ba.
Kallo ne kurum, na ƙirga shi a zuci: bakwai.
Cikin bakwai ɗin nan mai gyaɗa ba ya ciniki,
'yan bencin gaba ba sa fito,
mai tari ma haɗiye abinsa yake yi.

Fim na biyu, kallon yana nan daram.
A na uku ta ji a bakin direba
cewa ladanta bai kai rabin nasa ba.
Tun daga nan idonta ke wucewa ta saman kafaɗarsa
kamar mai duba ko motar Farin Gada ta iso.
Shi kuma ya koyi ɗaga murya,
mutumin da shirunsa ke cika silima har ƙofa.

Sai launi ya zo ya tona asirin dare.
Ashe kwat ɗin ta koɗe a gwiwar hannu,
ashe idon Mantau ja ne tun kafin la'asar,
ashe inuwar da ke tayar mana da tsikar jiki
bargo ne aka shanya a igiya.
Ta ce, "Kana da ashana?"
Wani yaro daga baya ya ce, "A ba ta laita mana!"
Aka kece da dariya.

Kada in ɗora musu kayan su kaɗai, ga nawa.
Faifan farkon nan yakan tsinke,
kullum a wuri ɗaya, inda aka fi cewa in maido.
Bango ya yi fari fat, ana ihu, ana ambaton uwata,
sai in sa almakashi,
in cire tsawon ɗan yatsa, in liƙe, in ci gaba.
Bakwai ta koma shida.
Shida ta koma huɗu, ban gaya wa kowa ba.
Daren da muka rufe, ya ƙyasta ashana,
wuta na kamawa sai ga gari ya waye.

Yau buhunan dankali ake jibgewa a silimar.
Mantau yana Dilimi, yana sayar da fitilun mota na gwanjo,
in ka kira shi da sunan fim sai ya ce mai shagon ya fita.
Tasalla, an ce tana Abuja wurin 'yarta,
ciwon ƙafa ya zaunar da ita.
Ko gaisuwar mutuwa ba ta haɗa su ba.

Guntayen da na yanke suna gwangwanin madara, ƙarƙashin gado.
In sanyin Jos ya hana ni barci
nakan ɗaga ɗaya a gaban ƙwan lantarki.
Ga su nan, ba su fi farce ba,
bai ƙifta ba, ba ta kau da kai ba,
wutar ba ta kai ga yatsansa ba tukuna.

Jikata ta leƙo ta ce, "Kaka, me suke jira?"
Na ce, riƙe shi ta gefe, 'yar nan,
hannunki da maiƙo.